Anini Na Uku

Shekarun baya, ba da jimawa da yanke mana jiharmu daga Sakkwato ba, na ɗauko wa kaina wani aiki da babu wanda ya sa ni, na kuwa sha wuya a kansa. Aikin shi ne in haɗa mahaifina da yayansa a kan tabarma ɗaya. Da jin haka za ku ce ai ba wani abu ba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ga su da ransu, ga mota tana bin hanya kullum. Ni ma haka na ce.

Mahaifina yana Tsafe. Yayansa, wanda muke kira Baffa, yana Bungudu. Ni kuma an dawo da ni Gusau tare da sauran ma'aikatan da aka raba wa sabuwar jiha, sai na faɗo a tsakiyarsu, in na fita gabas in tarar da ɗaya, in na fita yamma in tarar da ɗayan. Dukansu tsofaffin sojoji ne, sun yi yaƙin basasa a bataliya ɗaya, kuma dukansu sun fito suna hafsoshi. Tun da na yi wayo ban taɓa ganinsu wuri ɗaya ba. Amma kuma ban taɓa jin ɗaya ya aibata ɗaya ba. In kaka ta yi, buhun gero zai taso daga Bungudu zuwa Tsafe. In layya ta zo, cinyar rago za ta tashi daga Tsafe zuwa Bungudu. In aka yi rasuwa a dangi, ɗaya ya zo jana'iza da safe, ɗaya ya zo ta'aziyya da la'asar, kamar masu karɓa-karɓar gadi. Ranar ɗaurin aurena Baffa ne ya karɓa mini aure. Mahaifina kuwa zazzaɓi ya kama shi daidai wannan safiya, bai sake shi ba sai da motar Bungudu ta tashi.

Na sha tambayar mahaifiyata, amsarta ɗaya ce kullum: "Rigimar girma ce ta soja, ba ruwanka." Daga nan sai ta aike ni wani wuri.

To da matata ta shiga watan haihuwarta na fari, sai abin ya tsaya mini a rai. Surukina na Bilbis ya riga ya taɓa tambayata a wurin ɗaurin aure, cikin dariya, ko mahaifin nawa da yayansa ba sa shan inuwa ɗaya ne. Na yi yaƙe na ce zazzaɓi ne. Ban shirya sake yin wannan ƙaryar ranar suna ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne Baffa ya fara tsufa da sauri, idanunsa sun yi hazo, ƙafa ɗaya sai da sanda. Na ji tsoron wata rana za a aiko cewa ya tafi, mahaifina ya je ta'aziyyar yayansa da la'asar kamar baƙo.

Kuma a lokacin ina ganin babu wanda ya kai ni sanin rigimar girma. A ofishinmu abin da ake yi ke nan daga safe har a tashi. Sabuwar jiha, sababbin kujeru, kowa yana cewa shi ya riga wane shiga aiki, wane ya tsallake shi don yana da uwa a gindin murhu. Har kujera mai hannu an yi faɗa a kanta a gabana. Saboda haka na yanke wa kaina cewa maganin abu ne mai sauƙi: kowa so yake a ce shi ne babba, sai in je in gaya wa kowannensu shi ne babba. Har na yaba wa kaina wannan dabara a gaban matata. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da wata irin murya da ban kula da ita ba sai daga baya.

Na fara da Tsafe. Na tarar da mahaifina a zaure yana tufka igiyar ɗaure sa, rediyo tana gefe tana ta surutu ita kaɗai. Bayan gaisuwa da tambayar mai ciki, na gyara zama na ɗauko zancen ta nesa, na bi ta kan damina, na bi ta kan tsadar mai, sannan na sauka.

"Baba, wannan magana taku da Baffa, ai ni ban ga abin ja a ciki ba. Kowa ya san kai ne kyaftin. Anini uku ka ɗaura a kafaɗa, shi biyu. A soja kai ne gaba."

Ya ajiye igiyar a hankali. Ya kashe rediyo. Ni kuwa na ce a raina, ga shi nan, magana ta shiga.

"Wa yah hwaɗa maka ni kyaftin na?"

Na ce ai haka kowa ke faɗi, har hoto akwai a ɗakin Inna.

"Hoto shi ka ba mutum girma? Ni laftana na, laftanan ma na baya. Aninin ga na ukku na aro na, ba a taɓa tabbatar mani da shi ba. Yayana ya riga ni shiga soja, ya riga ni ɗaura anini. Shi ag gaba da ni, gida da bariki."

Na ɗauka kara ce irin ta manya, so yake a ƙara lallashinsa. Sai na ƙara gishiri. Na ce ai tawali'u ne kawai, amma gaskiya ɗaya ce. Ban taɓa ganin fuskar mahaifina ta canza da sauri haka ba. Ya nuna ni da ɗan yatsa ya ce in na sake kiransa kyaftin a cikin gidan nan, ni da shi ne. Sannan ya kunna rediyonsa, ya ce in shiga in gaida uwata.

Na hau babur ina komawa Gusau ina ta juya abin. Kafin in iso sai na ga ashe ma alheri ne. Tunda mahaifina da bakinsa ya sallama, ai aiki ya ƙare. Abin da ya rage in kai wa Baffa albishir.

Ranar Asabar na sayi goro na nufi Bungudu. Baffa yana kan kujerarsa ta tsugunno a ƙofar gida, sanda a tsakanin ƙafafu. Ya gane ni da murya tun ban ƙarasa sallama ba. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa goro, na kasa haƙurin bin ta kan damina.

"Baffa, albishirinka. Baba da bakinsa ya ce shi ba kyaftin ba ne. Ya ce aninin aro ne, kai ne gaba da shi."

Na tsaya ina jiran murmushi. Sai ya buga sandar nan da ƙasa har kajin da ke kiwo kusa suka watse.

"Haka yac ce? Har yanzu bai bar wagga magana ba? Gabana anka ɗaura mai aninin ga, da idona na gani, lokacin idon na gani. Wa yac cire? Ka koma ka tambaye shi wa yac cire! Ubanka kyaftin na, ni laftana na. Ko gobe anka busa begila, bayanai nika tsayawa."

Na ce, "Amma Baffa, ai girma ya ba ka."

"Ba shi da ikon ba ni. Girman soja ba goro ba na, da za ka ɓare ka miƙa ma wanda kaka so."

Wallahi a kan hanyar dawowa sai da na tsayar da babur a gefen titi na zauna a kan wani kututture. Na ga rigimar girma iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda kowa ke ture girman zuwa wajen abokin rigimarsa ba, kuma da fushi. Na tambayi kaina ko ni ne ban ji daidai ba. Na sake bin maganar kowannensu daga farko. Daidai na ji.

Mai hankali da a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na zama ɗan aike. Ga wahalar mai a lokacin, sai ka bi 'yan bumburutu a bakin titi, amma haka na riƙa zarya. Na je Tsafe na ce Baffa ya ce wa ya cire. Mahaifina ya ce in tambaye shi wa ya tabbatar. Na je Bungudu, Baffa ya ce abin da kwamanda ya ɗaura a fagen daga ba ya neman wani tabbaci. Na koma Tsafe, mahaifina ya ce kwamandan ma shi kansa girmansa na riƙo ne, mai riƙo ba ya ba da abin dindindin. Kowace hujja in na ji ta sai in ga babu ja, har sai na ji ta ɗayan. Na wayi gari ina ofis ana musu a kan matakin albashi, ni kuma ina can ina tunanin ko anini na aro yana zama na mutum in ya daɗe a kafaɗa. Matata da tsohon cikinta ta daina tambayata ya hanya, sai dai ta ce, "Yau wa ya ci?" In ce mata babu wanda ya yarda ya ci.

A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan na ratse Kwatarkwashi wajen gwaggona, wadda ita ce babbarsu duka. Na zayyana mata komai tana tsintar wake. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Kai ma ka shiga? Tau, sannu. Mu dai mun ga sun tahi yaƙi suna cin tuwo kwano guda, sun dawo haka. Ba su hwaɗa ma kowa komi ba, mu mata ma balle. In kana son jin abin da yaf faru, akwai wani Manjo nan Gusau, Kirista na, mutumin Filato, shina sai da kwanon ruhi can Sabon Gari. Tare sunka yi. Duk salla sai ya zo ya gaishe ni."

Na samu Manjon a shagonsa, dattijo gajere mai furfura, ana ta lodin kwano don a lokacin ko'ina gini ake yi a Gusau. Da na gaya masa ni ɗan wane ne, ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya ya ce tafiyar ubana gare ni. Ya sa aka kawo mini benci. Da na faɗi abin da ya kawo ni, dariyar ta tsaya.

Ya ce a lokacin yaƙin hafsoshi iri biyu ne a bataliyarsu. Akwai tsofaffin hannu irin Baffa, waɗanda suka daɗe a soja, suka bi ta kofur da saje, yaƙi ya sa aka ɗaura musu anini. Akwai kuma 'yan makaranta irin mahaifina, da aka kwaso aka yi musu ɗan horo aka ce su ma hafsoshi ne. Tsofaffin suna ganin yaran ba su san komai ba sai karatun taswira. Yaran suna ganin tsofaffin ba su iya rubuta rahoto ba. Ya ce wani lokacin faɗan da ake yi a wurin cin abincin hafsoshi ya fi na bakin daga zafi.

Sai aka kashe kyaftin ɗin kamfaninsu. Kowa ya sa rai Baffa za a ba, don shi sojoji suka sani, shi suke bi da ido rufe. Kwamanda ya kira mahaifina ya ɗaura masa anini na uku.

"Ranar nan bataliya ta kusa tsagewa biyu," in ji Manjo. "Tsofaffi suka ce ba za su sara wa yaro ba. Sojojin yayan ubanka suka ce in ba shi ya ba da oda ba, ba za su motsa ba. Kuma da safe za mu ketare wani kogi. Ka san abin da ke faruwa da kamfanin da ke da shugaba biyu a tsakiyar ruwa?"

Na ce ban sani ba, amma ina iya zato.

Ya ce kowace safiya, tun da suka haɗu a bataliyar, mahaifina yakan zaga bayan tanti ya durƙusa ya gaida yayansa irin na gida, babu wanda ya damu. Safiyar nan kuwa bai zaga ba. Ya fito gaban sojoji duka, da sabon anininsa, ya cire hula ya durƙusa a cikin jar laka a gaban Baffa. Yana nufin ya nuna wa kowa cewa shi bai karɓi wannan girma a kan yayansa ba.

"Yayan ya dube shi, ya dubi sojoji. Ya ga in ya amsa gaisuwar nan, shi ke nan, kyaftin ya zama na banza, kamfani ya watse. Sai ya ja da baya, ya ƙame, ya sara wa ƙanensa da ke durƙushe a ƙasa. Ya daka wa sojojinsa tsawa su ma su sara. Bai sauke hannu ba sai da ubanka ya miƙe ya mayar masa. Ubanka yana mayarwa yana kuka, kowa ya gani. Muka ketare kogin."

 Na ce, to yallaɓai, a ƙarshe wane ne gaba? Don har a lokacin ina ganin in na samu amsar nan na samu komai.

Ya ce bayan yaƙi an zauna tantance girman da aka raba a fagen daga, wasu aka bar musu, wasu aka mayar da su baya. Mahaifina bai jira an zo kansa ba, ya ajiye kaki ya koma gida. Saboda haka ba a tabbatar masa ba, ba a kuma cire ba.

"Ke nan Baba yana da gaskiya?"

"Yana da ita."

"Baffa fa?"

"Shi ma yana da ita." Ya miƙe don an kira shi wajen lodi, ya dafa kafaɗata. "Ɗana, manyan hafsoshi sun kasa raba wannan gardama. Ni ma nawa aninin har yau akwai mai cewa na aro ne. Kada ka ɓata man babur ɗinka."

Na fito daga shagon nan na fi yadda na shiga ruɗewa. Na gane abu ɗaya kawai: mahaifina yana gudun ranar da yayansa zai sake sara masa, Baffa kuma yana gudun ranar da kyaftin ɗinsa zai sake durƙusa masa a gaban mutane. Yadda za a yi da wannan kuwa, ban sani ba.

Ana cikin haka matata ta sauka, aka samu namiji. Na je Tsafe na faɗa, na je Bungudu na faɗa. Kowannensu ya yi murna, kowannensu kuma ya tambaye ni a kaikaice ko ɗayan da safe zai zo ko da yamma. A nan ne haƙurina ya ƙare. Ba hikima ba ce, gajiya ce tsagwaronta. Na gaya wa kowannensu magana ɗaya: ba za a raɗa wa yaron nan suna ba sai su biyun suna zaune a kan tabarma ɗaya. In ba su zo tare ba, ragon zai ci gaba da cin dusa, yaron kuma a ci gaba da kiransa jariri. Ban taɓa yi wa mahaifina magana irin wannan ba. Ya miƙa hannu ya kunna rediyonsa. Baffa ya ce ni ɗan ubana ne wajen taurin kai. Gwaggo da ta ji, ta aika wa kowannensu cewa bakinta da nawa ɗaya ne.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan da nake haya. Liman ya zo, surukaina na Bilbis sun zo, abokan aiki sun zo, har Manjo ya zo ya samu benci a gefe. Baffa ya iso da wuri, aka zaunar da shi kusa da liman. Mahaifina shiru. Rana ta fito, ta fara zafi. Liman ya dube ni, na dubi hanya. Mahauci ya wasa wuƙa ya sake wasawa. Surukina ya matso ya tambaye ni ko zazzaɓin ne ya dawo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara tunanin yadda zan lashe amaina a gaban mutane.

Sai ga shi ya ɓullo daga bakin layi, da farar riga, yana tafe a hankali kamar mai zuwa kotu. Ya yi gyaran murya tun daga nesa.

Baffa ba ya gani sosai, amma wannan gyaran muryar ya ishe shi. Kafin wani ya kama shi ya miƙe tsaye, sandar ta faɗi. Ya haɗe ƙafafu, ya ƙame, hannunsa na dama ya tafi goshi. A daidai wannan lokacin mahaifina ya tuɓe takalmi ya zube a ƙasa a gabansa.

"Ina kwana, Yaya."

Baffa bai amsa ba. Yana tsaye ƙyam, idonsa a sama da kan ƙanensa.

 Mutanen Bilbis suna kallon juna. Na ruga wajen Manjo na ce yallaɓai me ke faruwa, me ya sa babu mai motsi? Ya ce mini a hankali, wanda ya sara ba ya sauke hannu sai na gaba da shi ya mayar masa. Ɗayan kuwa ba sai an gaya mini ba, wanda ya durƙusa wa yayansa ba ya tashi sai an amsa masa. Na ce to kai ai ka fi su girma duka, ka ba su umarni mana. Ya girgiza kai ya ce wannan ba faretinsa ba ne.

Haka suka tsaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ni da na haɗa abin na rasa inda zan sa kaina.  Sai na ga hannun Baffa ya fara rawa. Ƙafarsa marar lafiya ita ma ta ɗauka, har rigarsa tana kaɗawa. Wani ya matso zai riƙe shi, ya ture shi da kafaɗa.

Mahaifina ma ya gani. "Yaya, don Allah ka sauke. Don girman Allah."

Ko gezau.

"Yaya, ka san aninin ga naka na. Kai ya kamata a ba. Ni ban roƙa ba."

Gumi yana bin fuskar Baffa, amma hannun yana nan a goshi. Na ga mahaifina ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago, yana nan durƙushe bai tashi ba, ya miƙe bayansa, ya kai hannu goshi. Muryar da ta fito daga bakinsa ban taɓa jin ta a gidanmu ba.

"Laftana! Sauke hannu. Oda ta."

Hannun Baffa ya sauka ya bugi cinyarsa. Ya ja numfashi. Sannan ya sunkuyo yana lalube har ya samu kan mahaifina, ya dafa.

"Lahiya lau, ƙanena. Tashi. Ka daɗe ƙasa."

Ban san wa ya ɗaga wani ba, don dukansu sun kusa faɗuwa. Daga cikin gida na ji gwaggo ta rangaɗa guɗa tun ba a faɗi suna ba. Suka zauna a tabarma ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, babu mai kallon wani. Baffa ya raɗa wa liman suna, aka yi addu'a, aka yanka rago. Surukina ya jawo ni gefe ya ce, wannan wace irin gaisuwa ce ta gidanku? Na ce masa wallahi ni ma yau na fara gani.

Kada ku ɗauka gardamar ta ƙare. Ko kusa. Abin da ya canza shi ne yanzu a tabarma ɗaya ake yin ta. Mahaifina ya riƙa hawa mota har Bungudu, kuma duk zuwa sai an maimaita: wannan ya ƙame, wancan ya durƙusa, a ba da oda, a amsa gaisuwa. Da suka saba har sauri suke yi, yaran unguwa suna leƙe suna dariya. Daga nan a kawo fura, a ɗauko maganar anini daga inda aka ajiye ta. Na taɓa zama na saurare su tun daga azahar har la'asar, na tashi ban ƙaru da komai ba.

Ba su samu lokaci mai tsawo ba. Baffa ya rasu tun sojoji ba su miƙa mulki ba. Wannan karon mahaifina da safe ya zo, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Da aka gama rufewa aka yi addu'a, mutane suka fara juyawa, sai na ga bai biyo mu ba. Ya tsaya a wajen kan kabarin, ya haɗe ƙafafu, ya ƙame, ya sara. Wasu suka fara gunaguni, liman ya ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ina kusa, na ji abin da ya ce.

"Yau dai ba ka da bakin musu, Yaya."

Har yau in aka tambaye ni mahaifina wane girma ya kai a soja, sai in ce ya danganta da wanda ka tambaya, kuma duk waɗanda za a tambaya sun tafi. Na shiga maganar nan ina ganin na san abin da mutane ke nema in suna rigimar girma, na fito ban san komai ba, kuma na daina saurin cewa na gane faɗan wasu. Na yi ritaya a kujera mai hannu, ban taɓa jin daɗinta yadda na zata ba.

Abin da ban manta ba shi ne ranar a maƙabarta. Mutane suka watse, mahaifina yana nan tsaye, hannu a goshi, hannun ya fara rawa kamar yadda na yayansa ya yi a ƙofar gidana. Sai a lokacin na tuna abin da Manjo ya gaya mini, na gane babu wanda zai mayar masa. Na je na kama hannun da hannuwana biyu na sauke masa. Sai da na sa ƙarfi.